Tokar itace za ta iya rage mini siminti?

Tambaya: Ina buga bulo a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Gidan burodin da ke kusa da ni kullum sai ya zubar da tokar itace. An ce ana rage siminti da ita. Da gaske ne?

Amsa: Malam, da gaske ne, amma da sharaɗi. Toka ita kaɗai ba ta riƙe gini. Idan siminti ya sha ruwa, yakan saki wani sinadari dangin farar ƙasa. Silika, wato sinadari irin na yashi da ke cikin tokar, ita ke haɗuwa da shi, a hankali su zama abin da ke ƙara ɗaure yashi. Shi ya sa irin wannan bulo yake jinkirin ƙarfi, sai an dage da ban-ruwa, ba a kuma yanke masa hukunci kafin kwana 28.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Laso da magina ke shafe soraye da shi, da katsin marina ake haɗa shi, katsi kuwa akwai toka a jikinsa.

Inda nake jin tsoro shi ne tokar itace ba ta da tsayayyen hali. Ta marke daban, ta darbejiya daban, zafin wutar ma yana canza ta. Silikarta ba ta kai ta ƙaiƙayin shinkafa ba. Tana kuma ɗauke da gishirin nan da ke sa ruwan toka kaifi, wanda idan ya yi yawa sai ka ga farar ƙura ta feso a jikin bulo. Baƙar toka mai ɓurɓushin gawayi kuwa ruwa kawai take sha, ta bar maka bulo mai rugurgujewa a hannu.

Saboda haka nemi farar toka ko mai launin toka-toka mai haske, busasshiya, wadda ba a ƙona leda ko taya a cikinta ba, ka tankaɗe da rariya mai laushi. Kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin siminti: kilo 45 na siminti, kilo 5 na toka, maimakon buhu mai kilo 50. Da sikeli za ka auna, don toka ba ta da nauyi, kwano zai yaudare ka.

Buga kaɗan tukuna, ka kai a gwada ƙarfinsu a sashen injiniyan gine-gine na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina. In sun ci gwajin, a sa su a katanga, kuma ka gaya wa mai saye abin da ke ciki. Ginshiƙi, linta da dakin bene kuwa, don Allah kada toka ta kusance su.