Wane Ne "Mai Ita" Idan Mutum Biyu Suka Haɗa Waƙa?

Wani mai karatu daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, abokina na ƙuruciya ya fitar da albom ɗinsa na farko, kuma tare muka tsara baitocin yawancin waƙoƙin, ni da alƙalami shi da murya. A wajen walimar taya murna wani dattijo ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai na ji kamar an fitar da ni daga cikin aikin. Shin haka karin maganar take nufi? Sannan da Hausa me ya kamata mu kira albom, faifai ko kundi?"

Ɗana, barkanku da arziki, kai da abokinka. Bari in fara da tambayar sunan, domin ita ce mai sauƙi. Faifai a asali shi ne abin nan mai faɗi da kewaye da mata suke ɗinkawa da kaba, ana rufe ƙwarya da shi, ana kuma bakace hatsi. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa, sai mutane suka ga abin da ake ɗorawa a kansa yana da siffar faifan ɗakin uwarsu, suka ba shi sunan, kuma sunan ya bi sidi daga baya. Kundi kuwa tarin takardu ne da malami yake adanawa wuri ɗaya, na addu'o'i da fa'idoji, daga nan aka samu kundin tsarin mulki. To, faifai yana nuni ga mazubin, kundi yana nuni ga abin da aka tara. Tun da yau yawancin masu sauraro ta waya suke karɓar waƙa, babu wani abu mai kewaye da za su riƙe a hannu, ni na fi son "kundin waƙoƙi". Wanda ya ce albom, kamar yadda muke furtawa a Nijar, ko albam, kamar yadda ake cewa a Kano da Katsina, bai yi laifi ba, aro ne da ya riga ya zauna.

Batun karin maganar shi ne yake buƙatar natsuwa. Da farko, Bahaushe ba ya yawan kawo ta a kan waƙa ta zahiri. Yana kawo ta ne idan ana son wanda abu ya faru a kansa ya ba da labari da bakinsa, shi ya sa za ka ji ɗan jarida a rediyo ya faɗe ta kafin ya saki muryar wanda ya zanta da shi. "Mai ita" a nan ba ya nufin wanda ya mallaka kamar yadda ake mallakar gona, yana nufin wanda ya fi kowa kusanci da abin, ya san ciki da bayansa. Irin wannan "mai" ɗin ne a cikin "mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo", domin ko ɗan haya ne, in dai shi yake kwana a ciki, shi ne mai ɗakin a wannan magana. Saboda haka dattijon nan yabon muryar abokinka ya yi, kuma da an tambayi yadda aka ƙulla baiti na uku na wata waƙa, aka nuna ka, da karin maganar ta faɗo a kanka daidai wa daida.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, haɗa hannu wajen tsara waƙa tsohon abu ne a wurinmu, har muna da kalmominsa. A ƙungiyar makaɗan fada akwai jagora, akwai ƴan amshi, kuma aikin ƴan amshi bai tsaya ga maimaita gindin waƙa ba. Suna yin karɓi, wato su amshe layi daga bakin jagora su ƙarasa, suna kuma yin ƙari, wato su sa nasu kalmomin a kan abin da ya fara. Duk da haka sunan jagora ake kira, ba a kuma taɓa ɗaukar hakan a matsayin ƙwace ba. A lura a nan, ƙari mai ƙugiya daban yake da kari na karin waƙa da karin magana, wanda ɗan'uwan karin hula ne da karin guga, wato lanƙwasa. Ina yawan ganin matasa suna rubuta "ƙarin magana", alhali wannan yana nufin a daɗa surutu ne kawai.

A rubutacciyar waƙa kuma akwai tahamisi, daga kalmar Larabci mai nufin biyar. Sha'iri yakan ɗauki waƙar wani mai layi biyu-biyu, ya ɗora layi uku nasa a kan kowane baiti, ta koma ƙwar biyar. Misalin da ɗalibai suka fi sani shi ne Tabban Haƙiƙan, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Mutum uku ke nan a kan waƙa ɗaya, kuma an adana sunan kowa tare da aikin da ya yi.

Wannan adana suna shi ne abin da zan ba ku shawara a kai, tun zumunci yana da zafinsa. A jikin kundin a rubuta "tsara baiti" da sunanku ku biyu, "rerawa" da sunan abokinka, "kiɗa" da sunan wanda ya haɗa shi a situdiyo, sannan ku yi rajistar waƙoƙin da waɗannan sunaye a hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA. Game da abin da za ka faɗa masa kuwa, tun da kundin ɗan fari ne, kuma Bahaushe yana kunyar yabon ɗan farinsa a bainar jama'a, yabon ya koma wuyanka. Ka ce masa, "Barka da arziki, Allah ya ƙara basira, ya kawo ƙannensa."