Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙiba lokacin ɗaukewar al'ada

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce shekararki 49, al'ada ta fara yi miki wasa, ta zo wata guda ta ɓace wata uku, ga ciki yana ta fitowa alhali cin abincinki bai ƙaru ba, kina tambaya ko hakan yana da alaƙa da ciwon zuciya. Yana da ita ƙwarai. Ni tawa ta ɗauke ina da shekara 51, yanzu ina 56, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kuskuren da na yi shi ne dogaro da sikeli. Cikin shekara uku kilo 3 kacal na ƙara, sai na ce ba komai. Amma kayana sun matse ni a ƙugu, cinyoyina kuwa sai raguwa suke. Ashe kitsen ne ya sauya mazauni. Likita ta yi min bayani cewa ƙarin nauyin kansa yawanci na shekaru ne, domin tsoka tana raguwa, jiki kuma ba ya ƙona abinci kamar da. Aikin ɗaukewar al'ada shi ne idan sinadarin jikin mace da ake kira estirojin ya yi ƙasa, kitsen da ke taruwa a ɗuwawu da cinya sai ya koma cikin ciki, ya kewaye hanji da hanta. Wannan kitsen ba zaman banza yake yi ba. Yana hana insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki sosai, suga ya fara hawa, ga mugun kwalastirol, wato wani irin kitse da ke cikin jini, yana ƙaruwa a daidai wannan lokacin, jijiyoyin jini kuma suna ƙara tauri. Ranar da aka auna ni, jinina ya kai 150 bisa 95, ni kuwa ko ciwon kai ban taɓa ji ba. Abin ya girgiza ni, domin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya, mu kuma mun ɗauka cutar maza ce.

Don haka ki nemi tef ɗin awo, ki auna cikinki a wajen cibiya, kina tsaye, bayan kin fitar da numfashi. Ga mace, idan ya wuce santimita 80 haɗari ya fara, idan ya wuce 88 ya yi yawa. Nawa 94 ne a lokacin. Ki je asibiti a duba miki hawan jini da suga da kwalastirol, ki kuma roƙi a duba ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, domin raguwar aikinta ma tana kawo ƙiba da kasala.

Abin da ya taimake ni ba yunwa ba ce. Na gwada ƙin cin abinci, sai na rame a fuska, cikin yana nan. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ita ce ta fara motsa shi, sai na haɗa da ɗaga abu mai ɗan nauyi da tsugunne-tashi sau biyu a mako saboda tsoka. Na bar lemon kwalba, na rage gishiri da soye-soye, na ƙara ganye da wake da kifi. Barci kuma kada ki raina shi. Daren da zufa ta hana ni runtsawa, washegari zaƙi kawai raina yake so. Idan zafin jiki da zufar da ke zuwa da ɗaukewar al'ada suka dame ki, ki gaya wa likita, akwai magani, amma ba kowace mace ya dace da ita ba. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa kuwa, don Allah ki bar shi, yawancinsa gudawa kawai yake sawa.

Yanzu cikina ya dawo 86, ina shan maganin hawan jini kullum, kuma ban ɗauki hakan abin kunya ba. Abu ɗaya da nake so ki riƙe: a wurin mace, ciwon zuciya ba lallai ya zo da matsanancin ciwon ƙirji ba. Idan kika ji haki ba dalili, ko wata irin gajiya da ba ki saba ba, ko ciwo a muƙamuƙi ko baya ko hannu tare da tashin zuciya da zufa mai sanyi, kada ki ce al'ada ce, kada ki jira gari ya waye. A kai ki asibiti nan take. Allah ya ƙara miki lafiya.