Amsar Baffa kan al'adar masu zana cip

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce malamanku a Jami'ar André Salifou sun nace cewa al'adar masu zana cip, wato ɗan ƙanƙanin ɓallin lantarkin da ke yin lissafi a cikin waya da kwamfuta, ita ce a tanadi hanyar gwaji tun a kan zane, a kuma yi tsimin wuta, kai kuwa kana ganin gwajin ɓarnar wuri ne a kan cip. To, ka saurara.

Tilas ce ta haifi al'adar nan. A 1971, transista 2,300 ne, wato ƴan mitsi-mitsin makunnan wuta, cikin cip ɗin Intel 4004. Na wayarka yau biliyoyi ne. Ko tulu za ka saya a Kasuwar Dole, sai ka ƙwanƙwasa ka ji ƙararsa. Cip ba ya ƙara, ba kuma ta inda tsinken awo zai shiga cikinsa. Shi ya sa ake sarƙa ƴan ɗakunan ajiyarsa su zama jeri guda, a tura sifili da ɗaya ta wannan baki, a karɓi amsa ta wancan, a gwada da abin da ake tsammani. Injiniyoyin IBM sun bayyana nasu salon a 1977, a 1990 kuma aka tsayar da JTAG, ƙa'idar bai ɗaya ta irin wannan gwaji. Wurin da kake jin haushinsa shi ke hana a sayar wa talaka lalataccen kaya.

Batun wuta kuwa, in ka rage bolt da rabi, cin da transista ke yi wajen kunnuwa da mutuwa zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka aka sauko daga bolt 5 zuwa wajen 1. Sashen da ba ya aiki a tsayar masa da bugun agogo, wato siginar da ke ba cip takun aiki, ko a yanke masa wuta ɗungurungum, don transista na yoyon wuta ko yana zaune, zafi kuma yana ƙara yoyon. Mu da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 da bazara a Damagaram, wannan maganarmu ce.

Inda nake so ka sa ido shi ne inda al'adun biyu ke karo. Lokacin gwaji ɗakunan ajiyar nan suna juyawa tare tsakanin sifili da ɗaya, fiye da yadda suke yi a bakin aiki. Cin wuta ya hau, bolt ya faɗi a ciki, sai lafiyayyen cip ya ba da amsar banza a jefar da shi. Masu hankali suna gwada sashe-sashe, su sassauta bugun agogo lokacin turawa, gurbin da gwajin bai damu da shi ba kuma su maimaita lambar da ke kusa don juyawa ta ragu. A kan wannan zan so ka yi aikinka na ƙarshen karatu.

Ka gai da mahaifiyarka.