Re: Wa ke da laifin ɓarkewar yaƙin Biyafara?

Malam ka tambaya ko Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas a lokacin, shi ne kaɗai ya jawo yaƙin basasa, gaskiya ni ban yarda ba, ai wutar ta daɗe tana ci a ƙasa kafin shi.

Ka fara daga 15 ga Janairu 1966, daren da su Manjo Nzeogwu suka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Tafawa Ɓalewa da Akintola da Birgediya Maimalari, amma manyan 'yan siyasar Gabas ko ƙwarzane. Janar Ironsi ya karɓi mulki bai gurfanar da sojojin da suka yi kisan a kotu ba, sai ma ya kawo doka ta 34 ya rushe tsarin tarayya, to ka ga dole mutanen Arewa su ɗauka shiri ne. A Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe Ironsi a Ibadan, Gowon ya karɓi mulki.

Amma fa mu ma kar mu wanke kanmu. Kisan da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966, dubbai, mata da yara da 'yan kasuwar Sabon Gari da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har filin jirgin Kano aka bi su, wallahi babu hujjar da za ta kare wannan.

An yi zaman sulhu tsakanin Gowon da Ojukwu a Aburi ta Gana a Janairu 1967, kowa ya dawo da tasa fassarar. Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, ya raba Ibo da yankin man fetur, kwana 3 Ojukwu ya ɓalle ya ayyana ƙasar Biyafara. Nasa laifin a ganina taurin kai, ya san ba shi da makaman da zai ja da tarayya.