Ɗan Maraya Jos: me ya sa shi kaɗai da kuntiginsa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina ya bar mana kaset-kaset na Ɗan Maraya Jos, kuma na lura ba na jin 'yan amshi a waƙoƙinsa kamar yadda nake ji a na Shata. Rashin hali ne ya jawo haka, ko da gangan ne? Sannan da gaske maraya ne, ko laƙabi ne kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka. Bari in fara da ta biyun, ta fi sauƙi.

Maraya ne na gaske. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Bukuru. Iyayen duka suka rasu yana ɗan ƙarami, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan ya bi shi.

Zancen rashin hali kuwa, cire shi daga ranka. Da ya so tara makaɗa, bayan ya yi suna babu abin da zai hana shi. Dubi kuntigin kansa: gwangwanin kifi ne a rufe da fatar akuya, da 'yar sanda, da tsirkiya ɗaya tal. Muryar kuntigin siririya ce, mai kaifi, mai sauri. Ka ɗora masa kalangu uku da mutum biyar suna amshi, sai ya nutse. A wajen Shata, amshi shi ke ba mawaƙi sararin numfashi har ya ɗinko baiti na gaba. A wajen Ɗan Maraya kuntigin ne ke wannan aiki. In ka sake saurara za ka ji da ya dire magana sai tsirkiyar ta karɓa, kamar tana mayar masa da martani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kaɗaicin nan ya zaɓa masa waɗanda zai yi wa waƙa. Makaɗi mai tawaga yana da bakuna da yawa da zai ciyar, dole idonsa ya karkata ga sarakuna da attajirai. Wanda kayan aikinsa ke shiga aljihun riga, shi kam ko a tasha sai ya tsaya ya yi waƙarsa. A ganina shi ya sa waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron da ke lodi, ya sa wa taya weji, ya kwana gindin mota, ba wanda ke tunawa da shi. Ban ce bai yabi manya ba, ya yi. Ban kuma ce Shata bai waƙe talaka ba. Amma Ɗan Maraya nan ya kafa rumfarsa.

Haka kuma, da yake ba mai amsa masa, sai ya zama shi ne kowa a cikin waƙar. Saurari "Jawabin Aure" da "Auren Dole" da "Gulma Wuya": labari yake bayarwa, ya ari bakin wannan, ya ari bakin wancan, kai ka ce wasan kwaikwayo kake ji a rediyo. Sukar auren dole a bainar jama'a a wancan zamani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Daga baya Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Kaset ɗin nan kuwa, don Allah kada ka bar su a akwati. Zafi da ƙura suna cinye zaren. Ka nemi mai rikoda mai kyau ya juye maka su a waya tun suna da murya.