Kafin ka koma gona, tambaye su da wace hanya suka auna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka raina yana ɓaci, don na sha irin wannan wahalar. Ka ce a filin noman rani ka ɗebo ƙasarka, pH (ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa) ya kusa 8, amma fosfaras ya fito kamar babu, alhali duk shekara manoman wurin suna zuba takin NPK mai ɗauke da fosfaras, shi ne malaminka ya ce ka koma ka sake ɗiba.

Kada ka kama hanyar gona tukuna. Je ka lab ɗin ka tambaye su da me suka auna. Ina kyautata zaton hanyar awon fosfaras ta Bray-1 ce, don ita hannunsu ya saba da ita, tunda yawancin ƙasar jigawarmu tana da ɗan tsami. To ruwan Bray asid ne mara ƙarfi. In ƙasa tana da kabonet (sinadarin da ke cikin farar ƙasa), shi zai kashe asid ɗin tun bai ciro komai ba, sai takarda ta nuna maka babu, alhali akwai. Irin ƙasarka hanyar awo ta Olsen take so, wadda ake yi da bayikabonet a pH 8.5, tun 1954 don wannan matsalar aka fito da ita. Ɗiga asid ɗin HCl mai ruwa-ruwa a kan ɗan ɓarɓashin ƙasar, in ka ga kumfa to akwai kabonet, ka samu amsarka. Kuma in sakamakon Olsen ya zo kada ka fassara shi da teburin Bray, ma'auninsu ba ɗaya ba ne.

Amma ni abin da nake tsoro ba hanyar awo ba ce, ma'aikacin lab ɗin da ke riƙe da ledojin ƙasarka ne. Nawa wani dattijo ne, har ƙasa nake durƙusawa in gaishe shi. Kuɗin da na ranto na ƙirga masa cif, ya ce in sha kurumina. Ya yi ta ja min rai, yau babu wuta, gobe babu tataccen ruwa, jibi ya tafi ta'aziyya. Da takardar ta fito, kabon (ma'aunin ruɓaɓɓen ganye da taki) na ƙasar rairayi ya haura kashi 4 cikin ɗari. Ku da kanku kun san ƙasar nan tamu da ƙyar take kai kashi 1. Fuloti daban-daban, wasu an zuba musu takin gida wasu ko ƙwaya, amma pH ɗinsu ɗaya sak. Na nuna masa, ya ce ni yaro ne, tun ba a haife ni ba yake wannan aikin. Lokacin semina ya matso, babu yadda na iya, haka na tsaya gaban jama'a da ita. Wani farfesa ya cire tabarau ya tambaye ni ko a kurmin kudu na yi aikin. Aka yi dariya. Har yau in na tuna zufa nake ji. Na koma karɓar ragowar ƙasata, ya ce sun zubar, wai wuri ya yi musu kaɗan. Ga damina ta sauka, mai gona ya yi huɗa ya zuba taki, ƙasar kafin shuka ta tafi ke nan. Shekara guda ta salwanta, ga bashi, ga mahaifiyata tana tambaya yaushe zan gama. Ko haƙuri bai ba ni ba. Allah ya isa, ban yafe ba.

Don haka duk samfur ka raba shi biyu, rabi ya zauna a ɗakinka har ranar da aka sa hannu a kundinka. Ka kuma ɗauki ƙasa ɗaya ka zuba a leda biyu da lamba daban, kada ka gaya wa kowa. In sakamakonsu ya yi hannun riga, ka san da wa kake hulɗa.

A inuwa ake shanya, ba a rana ba, ba a obin ba, sannan rariyar milimita 2. Don Allah kada wani ya zuba maka ƙasa a tsohon buhun taki, na ga wadda wannan ya ɓata wa aiki. Lamba da fensir, ɗaya ciki ɗaya waje, biro yana gogewa in ya ji laima. Ka tambaya ma pH ɗin a ruwa aka auna ko a ruwan gishirin CaCl2, don na biyun yakan sauko da kamar 0.5.

Sannan tunda ban ruwa ake yi kuma pH ya hau haka, ban ga EC (awon yawan gishirin da ke cikin ƙasa) a cikin abin da ka lissafa ba. Ka lura da farin gishiri ko kanwa a saman kunya lokacin da ka je ɗiba? In akwai, a auna maka EC da sodiyam, wataƙila can ne ainihin binciken naka yake.

Malaminka kuwa je masa da maganar Olsen a hankali, kada ya ji kamar gyara masa kake. Turo hoton takardar nan mu gani, ka rufe sunan lab ɗin.