Ciyawar Tekun Sanyi a Tafkin Kifi na Garwa: Za Ta Saba da Zafinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni mai kiwon tarwaɗa da karfasa ne a gefen Garwa. Wani mutum ya sayar mini da wani busasshen ganye da ya ce irin ciyawar teku ne daga ƙasashen ƙanƙara, ya ce tunda tana rayuwa cikin sanyi da duhu, babu yanayin da zai gagare ta. Na zuba a tafkina, bayan 'yan kwanaki ruwan ya koma kore shar, da kauri a sama. Ya ce ai ta saba ke nan, ta zama kamar dihe, wato koren nan da ake kwasa a tafkunan Kanem na ƙasar Cadi ana miya da shi, in kwasa in shanya in ba kifi da awaki, iyalina ma su ci. Hankalina bai kwanta ba, domin kifin ya fara taruwa a saman ruwa da asuba yana haki. Shin da gaske ciyawar ce ta saba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin bayani, kada kowa ya ci abin nan, kada a ba dabba, kuma a hana yara shiga ruwan.

Gaskiya ne dogayen ciyayin teku masu launin ƙasa-ƙasa suna da juriya mai ban mamaki, amma juriyar tasu ta sanyi da ƙarancin haske ce. Ruwa yana shanye jan haske tun daga 'yan mitocin farko, sai shuɗi da kore su ratsa ƙasa, saboda haka waɗannan ciyayi suna ɗauke da wani launi mai suna fukozantin da ke kama irin wannan haske, kuma wadda ta girma a inuwa takan ƙara yawan launukanta. In rana ta yi yawa a ruwa marar zurfi, suna da hanyar zubar da rarar hasken a matsayin ɗumi domin kada ya ƙona su. Game da sanyi kuwa, suna sauya irin kitsen da ke fatar ƙwayoyin halittarsu yadda ba zai daskare ba, ko da ruwan teku ya kusa zama ƙanƙara, wato wajen digiri 2 ƙasa da sifili.

Wadda ta fi burge ni ita ce Laminaria solidungula, da ke gaɓar arewacin Alaska. A ɗan gajeren lokacin da ƙanƙara ta narke rana ta samu shiga, ba ta damu da tsawo ba, sai ta duƙufa tara sukari iri biyu, laminarin da manitol, kamar manomin da ke cika rumbu da kaka. Idan hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe teku, duhu ya sauka na watanni, a lokacin ne sinadaran taki suke yawa a ruwa, sai ta buɗe ajiyarta ta yi mafi yawan girmanta na shekara ba tare da ta ga rana ba.

To, wannan tsari duka yana da iyaka ta sama, kuma iyakar ba ta da nisa. Saccharina latissima, wadda ake nomawa a Norway da gaɓar Amurka, ta fi girma tsakanin digiri 10 zuwa 15, kuma in ruwa ya haura digiri 23 ya daɗe a haka, ruɓewa take yi. Dalili shi ne zafi yana sa ta ƙona ajiyarta da sauri fiye da yadda haske ke mayar mata. Ko a gidajensu ɗan ƙarin ɗumi yana kashe danginta: a 2011 zafin teku ya share dajin irin waɗannan ciyayi a tsawon kilomita wajen 100 na gaɓar yammacin Ostireliya, kuma a gabashin Tasmaniya an rasa kusan kashi 95 cikin ɗari na dajin babbar ciyawar Macrocystis. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa noman ciyawar teku, ta kai noman Saccharina japonica har kudu zuwa lardin Fujiyan, amma tun shekarun 1950 a ɗakunan da ake sanyaya ruwa suke renon irin a lokacin zafi, su kai shi teku da sanyi ya shigo, su girbe kafin zafi ya dawo. Ruwan tafkinka a watan Afrilu yana iya wuce digiri 30, kuma ruwan daɗi ne, alhali na teku yana da gishiri giram 35 a kowace lita. Ƙari a kan haka, busasshen ganye matacce ne, ba ya tsira.

Abin da ke ɓata mini rai, wanda kuma kusan kullum sai na ji shi daga Marwa, Kusuri ko Njamena, shi ne zancen cewa duk koren da ya taso a kan ruwa dihe ne. Dihe na gaskiya, wanda 'yan kasuwa ke kira sifirulina, ba ciyawar teku ba ce, ƙwayar halitta ce 'yar ƙarama mai suna Arthrospira, mai son ɗumi na digiri 30 zuwa 35 da ruwa mai kanwa sosai. Kanwar ita ce sirrin, domin ita ke hana yawancin sauran ƙwayoyi rayuwa a tafkunan Kanem, shi ya sa matan Kanembu suke kwasa, su zuba a ramin yashi ya tsane, su yanka gunduwa-gunduwa su kai kasuwa, ana miya da shi tun kaka da kakanni. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, Njamenar yau, a shekarun 1960, daga nan duniya ta waiwayo gare shi. Waɗannan mata sun san tafkunansu da lokacin kwasa. Mai tallan da ke yawo da leda da hotuna a waya bai san komai ba sai farashi.

A ruwan daɗi mai ɗumi, marar gudu, wanda ya ƙoshi da kashin kifi da ragowar abinci, abin da yakan taso dangin dihe ne masu guba, kuma mafi shahararsu ita ce Microcystis. Ganyen da ka zuba ruɓewa ya yi ya zama ƙarin taki a gare su. Gubarsu hanta take kamawa, tafasawa ba ta kashe ta, shanya ma haka. A 1996, a garin Karuwaru na Burazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da aka yi musu amfani da shi yana ɗauke da wannan guba. A 2020 hukumomin Botsuwana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da gubar irin waɗannan ƙwayoyi a wuraren shan ruwansu. Ina ga akuya, balle ƙaramin yaro? Da ido kawai babu mai iya bambance su da dihe, ko da ya rantse. A ƙarƙashin madubin likita dihe yakan fito a matsayin zare mai murɗe-murɗe, Microcystis kuwa dunƙulen ƙananan ɗigogi ce. Abin takaici, irin wannan kaya ana sayar da shi a fili ba tare da wani ya tambayi mai shi takardar gwaji ba, sai dabbobi sun faɗi ake fara rubuce-rubuce.

Akwai ɗan gwajin da za ka iya yi yau. Ka tsoma sanda a koren ka ɗago: idan zaruruwa sun rataya kamar gashi, mai yiwuwa gansakuka ce ta yau da kullum, idan kuma sandar ta fito kamar an shafa mata koren fenti, abin tsoro ne. Ka kuma cika kwalba mai haske da ruwan, ka ajiye ta a wuri mai sanyi ta kwana ba a taɓa ba. Koren da ya taru a sama alamar waɗannan ƙwayoyi ce, wanda ya kwanta a ƙasa kuwa yawanci gansakuka ce. Wannan ishara ce kawai, hukunci na ɗakin gwaji ne.

Hakin da kifinka ke yi da asuba ƙarancin iska ne, domin koren yana shanye iskar ruwa da dare. Ka dakatar da abinci na kwana biyu ko uku, ka daina zuba taki, ka sauya wani ɓangare na ruwan, amma kada ka malala shi inda dabbobi ko mutane ke sha. Kada ka yarda a zuba maganin kashe gansakuka, domin ƙwayoyin in sun fashe gubar takan fita gaba ɗaya cikin ruwa. Ka sa safar hannu ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ka kai wa jami'an kiwo da kamun kifi na yankinku ko sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa, kuma kada ka sayar da kifin sai sakamako ya fito. Idan akwai wanda ya riga ya ci, ya fara amai, gudawa ko idanunsa suka yi rawaya, a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita abin da ya ci.